Zuwa Ga Dakta Saura-Ƙiris

Baiwata! Na ce baiwata, kuma ba zan janye ba. Ubana wan uwarki ne, ke 'yar mace ni ɗan namiji, ko digiri goma kika jera a kan wannan da kike fama da shi, ranar da kika shigo gidanmu na Kano tsintsiya zan miƙa miki. Ga shi Goggo ta rasa inda za ta je ta haife ki sai Zariya, abin ya zama biyu, taubashiya kuma Bazazzagiya. Wadda Allah ya haɗa wa waɗannan biyun a hannuna sai dai ta yi haƙuri.

Sau uku na kira wayarki a makon nan. Na farko ba ki ɗauka ba. Na biyu kika ɗauka, kika ce "ina zuwa", kika ajiye ta a kan kujera, na yi minti shida ina sauraron kukan yaro da kuɗin katina. Na uku Alhaji Ƙarami ne ya ɗauka da kansa, ya tsotsi wayar son ransa, ya kashe. To tunda baki ya gagara bari in rubuto, in ya so ki karanta da ƙarfe biyun dare, tunda an ce min a lokacin ne ofishinki yake buɗewa.

Kafin in manta, kun yi min wayo ke da mijinki da kuka sa wa yaron nan sunan mahaifina. Kun san bakina, shi ya sa kuka ɗaure shi tun ranar suna. Yanzu ko ya tsula min fitsari a babbar riga, kamar yadda ya yi ranar da na zo, sai dai in ce Alhaji ya sa albarka. Ba komai. Abin da na kasa faɗa masa ke zan juye wa.

Tun 2021 da kika yi rajistar digirin digirgir, duk wanda ya ce yaya karatu amsarki ɗaya ce: saura ƙiris. A bikin Sallah saura ƙiris, a gidan suna saura ƙiris, har a wajen ta'aziyya na ji kina raɗa wa wata tsohuwa saura ƙiris. A 2022 malaman jami'a suka tafi yajin aiki, daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas cur. Kika ce ai faɗuwa ce ta zo daidai da zama, kafin su dawo kin gama babi na biyu. Suka dawo suka tarar kin ƙware a suyar cincin. Wannan ƙiris ɗin naki, da a Kantin Kwari ake auna yadi da shi, da mun tufatar da Arewa kaf da turmi ɗaya.

Wai kuma a kan me ake duk wannan wahala? Tsutsa. Mutane na yin digiri a kan zuciyar ɗan Adam, a kan shari'a, a kan taurari, ke kika duba duniya kaf kika zaɓi tsutsar tumatir. Manoma na ce mata sharon, ku 'yan boko kuna ce mata Tuta absoluta, sunan da in mutum ya ji sai ya zaci matar wani sarkin Turawa ce. Amma dai kada ki ce na raina. Na tuna 2016 sarai. Na je 'Yankaba da kuɗin da na saba sayen rabin kwando, na dawo da abin da bai cika leda ba. Matan gari suka koma kauɗa da karas, wasu miyar tasu sai manja da addu'a. Gwamnatin Kaduna har dokar ta-ɓaci ta kafa a kan tumatir, kamfanin Dangote na Kadawa da aka buɗe da murna a shekarar ya tsaya don babu abin niƙawa. Ɗan ƙwaron da bai kai tsawon ƙwayar shinkafa mai kyau ba, ya taso tun daga Kudancin Amurka, ya sauka Sifen a 2006, ya ratso har fadamun Kura da Kadawa ba fasfo ba biza. Duk wanda zai kama mana shi, ko Bazazzagi ne, mun gode.

Ke kika zaunar da ni, lokacin cikinki na wata bakwai, kika yi min lacca a kansa. Kika ce da rana laɓewa yake a ƙarƙashin ganye kamar mutumin kirki, sai dare ya yi yake tashi aikinsa. Kika ce tsutsar shiga take tsakanin fatar ganye ta sama da ta ƙasa tana ci daga ciki, shi ya sa feshi ba ya samunta yadda ya kamata. Na ce Allah sarki. Ashe Allah yana shirya miki wani mai irin wannan halin a cikin ɗakinki. Da rana in baƙi sun zo ya yi lamo, kowa na cewa yaron nan akwai haƙuri. Dare na yi ya buɗe fiffike. Shekara huɗu kina nazarin mai aikin dare, da naki ya zo sai kika yi ta mamaki kamar ba ki taɓa jin labari ba.

Kuma ke kika gaya min uwar sharon guda ɗaya tana iya saka ƙwai har 260, a cikin wata guda 'ya'yan sun girma sun fara nasu. Ban ji an ce ta nemi hutun haihuwa ba. Ke ɗaya tak kika haifa, kin tara dangi daga jihohi biyu.

Abin da ba zan taɓa mantawa ba shi ne jadawalin nan. Kin tuna? Babban kwali kika saya, kika ja masa layi da rula, kika manna a bangon ɗaki, kika ɗauki hoto kika turo mana a WhatsApp na gida don mu ga yadda masu ilimi ke haihuwa. Kin karanta cewa jariri na barcin awa 14 zuwa 17 a yini, sai kika yi lissafinki na Zazzau: in ya yi goma sha shida, ke ki yi shida, saura goma na rubutu. Har da jan biro, "tara zuwa sha biyu, babi na huɗu". Abin da ba ki karanta ba yana layi na gaba. Barcin ba dunƙule yake zuwa ba, gutsuri-gutsuri ne, awa biyu, awa uku, wani lokaci minti arba'in, kuma tsakanin dare da rana sabon jariri yakan nemi nono sau takwas zuwa goma sha biyu. Ga gyatsa da za a jira, ga famfas, ga wanki. Mai neman digiri na uku ta karanta rabin sakin layi ta yanke hukunci. Da ɗalibinki ne ya yi haka da kin ba shi sifili. Da na zo na ga kwalin yana nan, sai dai an sauko da shi daga bango, da shi ake yi wa Alhaji fifita in an ɗauke wuta. Gaskiya ya fi amfani a haka.

Sai kuma lokacin da ya zaɓa ya iso. Ko da shawara aka yi da maƙiyanki sai haka. Tumatirin rani ana dasa shi da shigowar sanyi, sharon kuma sai zafi ya fara kankama yake nuna ko shi waye, wajen Maris da Afrilu. Wato watannin da duk bincikenki ya rataya a kansu kenan. Alhaji ya duba kalanda ya sauka a tsakiyar Fabrairu. Kwana arba'in na jego suka haɗiye farkon lokacin, kuma gona ba ta san uzuri ba. Mai binciken littattafai in ya rasa wata biyu, wata biyun ya rasa. Ke in kin rasa waɗannan, shekara guda ta tafi, sai wani ranin. Ma'aikaciyar gwamnatin tarayya tana da hutun haihuwa na mako 16, Jihar Kaduna ma ta kai nata wata shida, amma ban ga takardar da aka aika wa ƙwaro ba.

Labarin jegon kuwa Goggo ta ba ni shi tiryan-tiryan, tana yi tana share hawayen dariya. Kin je goyon ciki cikin birni da akwati biyu, ɗaya na kayan jariri ɗaya na takardu. Kin sa an yanko miki ganyen darbejiya daga wasu bishiyoyi na musamman, kin ɗaure su dami-dami, kowanne da 'yar takarda da lamba, za ki shanya a inuwa ki jiƙa ki gwada a kan tsutsa. Washegari da asuba Goggo ta fito neman ganyen wanka, ta ga Allah ya kawo mata har gida, an ɗaure tsaf. Ta zare takardun ta hura wuta da su, ta tsoma ganyen a tafasasshen ruwa, ta fyaɗa miki bincikenki a gadon baya. Ban taɓa jin wanda aikinsa ya shiga jikinsa kamar ke ba. In an tambaye ki ranar kare kundi ko darbejiya na aiki, ki ce ke shaida ce, tun daga ranar ko tsutsa ɗaya ba ta kama ki ba.

An ce kun yi ta gardama a kan kunun kanwa. Kina kwance kina kawo mata hujja, wai wasu likitoci biyu, Davidson da Parry, sun yi bincike a nan Zariyarku a shekarun 1970, sun ga yadda ciwon zuciya ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta shi da yawan shan kanwa da tsananin zafin wanka da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Goggo ta saurara har kika gama, ta ce su Dauda ɗin haihuwa nawa suka yi? Na yi dariya har da riƙe ciki. Amma a nan kam, ko da yake yana min ciwo in faɗa, ina bayanki. Mun sha ganin mai jego ta kumbura ana cewa ƙiba ce, numfashi na gagararta ana cewa gajiya ce. Da kika dage aka sassauta zafin ruwan, aka bar kanwar, kin yi daidai. Ki rubuta ranar nan ki ajiye, ba kullum Bakano ke cewa Bazazzagiya ta yi daidai ba.

To da gona ta ƙi jira, wa aka tuna? Ubangidan da ake zagi. Kika kira ni da wata murya mai laushi wadda ban san kina da ita ba, har da "Yaya". Ni da tun muna yara ba kya kirana da komai sai Mai Kan Ƙwarya. Wai tunda Kadawa ƙasarmu ce, a kan hanyar Zariya, in riƙa leƙawa duk Asabar ina duba miki tarkuna. Ashe da ruwan Tiga da ƙasar Kano ake yin digirin Zazzau, ba a faɗa.

Na je. Tarkon ma abin kunya ne ga jinsinmu. Faranti ne da ruwa da ɗan sabulu, a samansa an rataye wani ɗan roba mai ƙamshin macen ƙwaron. Namiji na jin ƙamshin nan cikin dare sai ya taho a guje, bai tambayi gidan su waye ba, bai nemi waliyyi ba, ya faɗa ruwa ya mutu. Na tsuguna a kan farantin farko na ga gawarwakin 'yan uwana maza birjik, na ce ashe abin har a ƙwari. Tarko goma sha biyu, rana tana dukan ƙeya, ni da tsinke ina ƙirga matattu ɗaya bayan ɗaya a kan farar takarda. Manoman wajen suka sa min suna Malam Mai Ƙidayar Sauro. Wani dattijo ya tsaya ya daɗe yana kallona, ya ce wa ɗansa, ka ga abin da nake gaya maka game da boko.

Asabar ta farko na ƙirga tarko uku da gaskiya, sauran tara na yi musu kallon ɗan kasuwa na rubuta abin da ya sawwaƙa. Kina ganin lambobin kika kira, yaro na ihu a kunnenki, kika ce ta yaya tarko tara za su ƙare da sifili ko biyar dukkansu? Kika sa na koma ranar Lahadi. Daga nan kowane faranti sai na ɗauki hotonsa na turo, ke kuma ki sake ƙirgawa a waya kina shayarwa. A ranar na san kin cancanci digirin nan, kuma na san ba ki da mutunci. Mako shida na yi ina wannan bautar. Ubangida na bauta wa baiwa, duniya ta zo ƙarshe.

Wani abin ma da ke ba ni mamaki: ku da a bakinku mota "ya zo", riga "ya yage", mace ma in ba a yi sa'a ba "ya tafi kasuwa", wai ke ce kike zama a ɗakin gwaji da madubi kina raba macen ƙwaro da namiji. Ina fata a cikin kundin ba ki rubuta cewa uwar sharon ya saka ƙwai ba.

Ranar da na zo Samaru ganin Alhaji, na yi sallama sau uku kafin wata murya ta ce in shigo a hankali. Na same ki a tsaye a kicin, kwamfuta a kan firji, yaro a baya, kina jijjiga kina buga rubutu da yatsa biyu. Na ce ga kujera, kika zaro ido kamar na ce ga maciji. Ashe Alhaji yana da wani ma'auni a jikinsa, ko barci ya kai ina, da kin kusanci kujera ya sani. Ɗankwalinki a karkace, kafaɗarki ta hagu da taswirar tumbuɗi, shayin da kika haɗa tun safe ya yi fata a sama. Kika miƙo min babi na biyu in gani, wanda malaminki ya dawo da shi. Jan biro ta ko'ina, a shafi na talatin da wani abu kuma ga busasshen nono ya manne shafi biyu. Amma abin da ya kashe ni yana cikin babi na huɗu. Tsakiyar bayani a kan yawan tsutsa a ganye sai ga layi guda na haruffa, ha da ja da ka sun fi talatin a jere, inda Alhaji ya taka kwamfuta da dunduniya. Ba ki gani ba kika tura. Malamin, Allah ya ƙara masa haƙuri, ya zagaye layin ya rubuta a gefe: ina madogara?

Angon ƙarni kuwa yana falo yana kallon ƙwallo da sauti a kashe, wannan ce gudummawarsa. Na tambaye shi yaya hidima, ya ce wallahi ba ma barci. Ba ma! Gwamnatin tarayya ta amince wa maza ma'aikata hutun kwana 14 tun 2021 in matansu sun haihu, shi ya yi nasa wajen karɓar barka da cin kauri, har ya fi mai jegon murmurewa. Yana ɗaukar yaro minti goma, a yi hoto, da ya ji ɗumi a hannu sai ya ce "ga shi, ke yake nema". Amma Allah ya saka miki. An ba ni labarin daren da ya buɗe firji cikin duhu, ya ga gora mai sanyi, ya zaci kunun aya ne ya kafa kai. Jiƙon darbejiya na gwaji na uku. An ce kwana biyu yana tofar da yawu. Na so a ce ina wajen. Sai dai ki saurare ni a nan, ba wasa: ki fitar da kwalaben nan daga firjin abinci, ki kulle su inda hannu ba ya kai. Yaron nan ya kusa rarrafe, kuma man darbejiya guba ne ga jarirai. Mijin naki ya sha ya tsira don ɗacin ransa ya fi na ganyen.

Kada ma in cika zaginsa, kar a tono nawa. Lokacin da aka haifi 'yata ta fari shago na koma da kwana, na ce wai don in bar musu sarari. Uwargida har yau in muka yi faɗa daga nan take farawa. Kuma ni da nake miki dariya, digiri na biyu na fara na bar shi a babi na uku, ba ciki, ba goyo, ba jego, lafiyata ƙalau, sai dai hirar majalisa da ta fi ƙarfina. Kundin yana nan a saman sif, gara ta yi masa gyaran da ya dace. In kika faɗa wa wani sai na ce sharri ne irin na Zagezagi.

Labarin ranar da kika gabatar da aikinki a taron ƙara wa juna sani ma ya iso Kano kafin ki koma gida. Ƙanwarki tana baranda da yaro, ke kina gaban farfesoshi da fararen gashi, kina nuna hotunan ganye a bango. Mutane suka ga kina ta rangaji, hagu, dama, hagu, dama, tun daga gabatarwa har hanyoyin bincike, alhali ba kowa a bayanki. Har wani dattijon malami ya fara gyangyaɗi, kin yi masa reno bai sani ba. Da aka zo tambayoyi wani ya jefo miki wadda ba ki shirya mata ba, a kan dalilin da ya sa kika zaɓi wannan lissafin ba wancan ba. Kika buɗe baki ba abin da ya fito. A daidai nan Alhaji ya tsala ihu daga baranda, irin wanda ke tsinka jijiya. Shugaban zama ya ce a bar ta ta je, a rubuta mata tambayar. Kika samu mako guda na neman amsa. Yaron nan jinin Kano ne, ya san lokacin da ake shiga ciniki a ceci ɗan uwa. Ki biya shi ladansa.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɓata tawadata. Ba rashin barcin ne ke damuna ba, wannan kowace uwa ta sha. Taurin kanki ne. Goggo ta ce ki kawo mata shi kullum daga safe zuwa azahar, kika ce ba ta san jadawalinsa ba. Matar da ta raini bakwai, har da ke da kika fi kowa rigima, ita ce ba ta san jadawali ba? Ƙanwarki ta ce za ta dawo gidan da zama, kika ce ba kya son takura kowa. Uwargidana ta ce ki tatsa ki bari a kofi mai murfi a ba shi da cokali, kika ce sai kin karanta tukuna. Kin shayar da shi nono zalla wata shida kamar yadda likitoci suka ce, ko ruwa ba ki bari an ba shi ba duk da surutun tsofaffi, an yi masa rigakafin mako shida da na goma da na sha huɗu ba ki tsallake ko ɗaya ba. Madalla. Ga shi ya fara karɓar kunu. Me ya rage kike tsoro? Kina so ranar da aka ce Dakta ki ce ni kaɗai na yi, da goyo a baya, ba wanda ya taya ni. To tun yanzu ƙarya ce, ina da hotunan faranti saba'in da biyu a wayata.

Hoton matar nan da kika liƙa a bangon kwamfutarki, Marie Curie, na je na nemi labarinta don in samu abin zolayarki. 'Yarta ta fari a watan Satumba na 1897 aka haife ta, kuma a ƙarshen shekarar nan ta fara binciken digirinta na uku a Faris. Ba ta kare shi ba sai 1903. Shekara shida, kin ga ashe ita ma 'yar saura ƙiris ce. Amma wa ya riƙe mata yarinya tana ɗakin gwaji? Surukinta, uban mijinta, tsohon likita wanda matarsa ta rasu, shi ya zauna tare da su yana reno. Baturiya a birnin da ba a san goyon ciki ba ta miƙa 'yarta ga suruki ta tafi aiki. Ke da Allah ya ba gida cike da goggonni da innoni da ke rigimar wa zai ɗauka, kin ƙanƙame yaro kina rubutu a kan firji. Ita a shekarar da ta gama aka ba ta kyautar Nobel. Ke ba mu nemi wannan ba, mu dai a bar mana tumatir.

Wani ranin yana tafe, kuma na rantse ba zan sake tsugunawa a Kadawa ba. Abin da kika tara ya isa, malaminki ma ya ce ya isa, rubutawa ce ta rage. Awa huɗu a rana ba kuka, ba goyo, wayarki a kashe, wata uku kin fita. Yaron ba zai manta ki ba, ina zai samu wata mai rangaji haka?

Sai maganar shafin godiya. Na san yadda kuke yi, a gode wa malamai layi goma, a gode wa "mijina abin alfaharina bisa haƙuri da juriya", alhali juriyar da ya yi ta ɗacin darbejiya ce. Goggo ta zo a sama, duk da ta cinye miki samfuri. Manoman Kadawa su biyo. Ni kuma a rubuta sunana cikakke, da "ubangidana" a gabansa, da manyan baƙaƙe. Kuɗin sharar da muke ta gardamar wa ke bin wani tun muna yara, na yafe na bana in an yi haka. Na baya kuwa yana nan, da ribarsa.

Ranar Asabar da hantsi muna hanya, ni da uwargida da babbar 'yata da ke hutun makaranta, za ta zauna miki mako uku ko kin so ko kin ƙi. Za mu biya cikin birni mu ɗauko Goggo. Ki haɗa jakar Alhaji, ki nemo kujera ki zauna a kanta kamar mutane, ki buɗe babi na huɗu ki goge layin da ya rubuta, ko ki nemo masa madogara. Kuɗin mai ke za ki biya. Ki dafa shinkafa, kuma miyar a ga tumatir a cikinta.